Ajin dare a Aboabo: yadda na sa Linux ya karɓi fayilolin Java

Koyar da rubuta manhaja bai kai duba aikin ɗalibai cin rai ba. Ina da ajin dare a Aboabo, nan Kumasi, a wani ɗaki da ke saman shagon wani Alhaji mai hatsi. Muna haɗuwa bayan Magariba, mu sauka mu yi Isha'i, mu dawo mu ƙarasa. Ɗaliban gauraye suke. Akwai waɗanda suka gama sakandare suna zaman jiran sakamako, akwai samari masu gyaran waya a Kejetia, akwai kuma 'yan mata da ke karatu a Tech, wato jami'ar KNUST, waɗanda ke sauka daga trotro su biyo ta nan kafin su wuce gida Asawase. Kowa da yaren da hannunsa ya faɗa a kai. 'Yan Tech sun fi son Java, masu gyaran waya C suke so don a ganinsu ya fi kusa da ƙarfe, sabbin shiga kuma Python. Ban taɓa ɗaure kowa a kan yare ɗaya ba.

Don in rage wa kaina aiki sai na rubuta wata 'yar manhaja da Python. Aikinta ta bi folda, ta ɗauki fayil ɗin kowane ɗalibi ta tayar da shi, ta zuba masa lambobin gwaji, ta kwatanta amsarsa da wadda ke hannuna. Fayilolin da aka harhaɗa daga C suka wuce lami lafiya. Rubutun Python mai #! a kansa shi ma ya wuce. Tana isa kan wani fayil ɗin Java mai wutsiyar .jar sai ta tsaya cak, ta jefo mini wannan:

OSError: [Errno 8] Exec format error

Magani mafi kusa kowa ya san shi. Sai ka ƙara sharaɗi a cikin manhajar taka: in sunan ya ƙare da .jar, kira java -jar; in .class ne, yi kaza, in .pyc ne, yi kaza. Wanda ke da fayil ɗaya ko biyu, ni ma abin da zan ce ya yi ke nan, ba sai ya taɓa kanel ba, wato zuciyar Linux da ke tsaye tsakanin manhajoji da injin. Ni dai na hango jerin sharuɗɗan zai yi ta tsawo duk lokacin da wani ya zo da sabon yare. Sannan ina son 'yan ajin su ga da idonsu abin da ke faruwa tsakanin danna Enter da tashin manhaja, wurin da yawancinsu suka ɗauka tsafi ne.

Ga abin da ke faruwa a wurin. Idan ka rubuta ./wani-fayil, harsashin umarni, wato shell, manhajar da ke karɓar abin da ka buga, yana miƙa sunan ga kanel ta wani kira mai suna execve. Kanel ya buɗe fayil ɗin, ya karanta bait 256 na farkonsa, a tsofaffin kanel 128 ne, sai ya bi masu karɓar fayil ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wa ya gane wannan. Wanda ya fara da 7f 45 4c 46, wato tambarin ELF, manhaja ce ta yaren injin kanta, a loda ta kai tsaye. Wanda ya fara da #!, rubutun umarni ne, sai a karanta sunan tafintan da ke layin farko a kira shi. In babu wanda ya ɗaga hannu, kanel ya mayar da kuskure mai lamba 8, shi ne wanda na gani.

Fayil ɗin Java bai faɗa ko ɗaya cikin biyun ba. Abin da javac ke fitarwa baitkod ne, umarnin wata na'ura ta ƙirƙira wadda ba ta da jiki, JVM, wadda kamfanin Sun Microsystems ya fito da ita tare da Java a 1995. Injin kwamfutarka bai san wannan yaren ba, sai JVM ta tsaya a tsakani. Mutanen Linux sun ci karo da matsalar tun da wuri. A 1996 Brian Lantz ya rubuta wa kanel mai karɓa na musamman don Java kaɗai. A 1997 Richard Günther ya kawo binfmt_misc, wanda ya fi shi faɗi: maimakon a riƙa ɗinka wa kanel sabon yanki saboda kowane yare, sai a bar mai kwamfuta ya yi rajistar nau'in fayil da tafintansa da hannunsa, injin na kunne. Daga baya aka cire na Java ɗin gaba ɗaya, tunda wannan ya wadatar.

Laftof ɗinmu duk na hannu ne, kuma Linux ɗin Debian 12 na zuba musu, mai kanel 6.1, da OpenJDK 17, da Python 3.11. Abu na farko shi ne in tabbatar kanel ɗin yana da wannan sashe:

grep BINFMT_MISC /boot/config-$(uname -r)

Amsa ta zo CONFIG_BINFMT_MISC=m. Harafin m na nufin an gina shi a matsayin modul, ana loda shi lokacin buƙata. Da y ne, yana cikin jikin kanel ɗin ke nan. Da babu shi sam, sai an sake harhaɗa kanel, aikin da kan waɗannan tsofaffin injina zai cinye daren aji har ya ci na gobe. Daga nan na leƙa /proc/sys/fs/binfmt_misc. A inda systemd, mai tayar da hidimomin tsarin, ke aiki, leƙawar kawai ta isa ta sa a ɗaura wurin. A wasu tsarin sai ka ɗaura da kanka da mount -t binfmt_misc. Na tarar da fayiloli uku: register, status, da python3.11. Na ukun ya ba 'yan aji mamaki, domin ashe Debian ta riga ta yi wa baitkod ɗin Python rajista tun ranar da muka zuba ta, muna ta amfani da injin ba wanda ya lura.

Ana rajista ne da layi ɗaya mai gida bakwai, kowane gida an raba shi da ɗigo biyu: suna, nau'i, wurin farawa, tambari, rariya, tafinta, tutoci. Nau'i iri biyu ne kacal. M na nufin a gane fayil da baitocin farkonsa, E na nufin a gane shi da wutsiyar sunansa. Kafin in rubuta komai na sa wata ɗaliba ta harhaɗa ɗan aikinta, muka duba kansa a allo:

xxd -l 8 Lissafi.class

00000000: cafe babe 0000 003d

Baiti huɗun farko, ca fe ba be, su ne tambarin kowane fayil na .class a duniya. Na ce su riƙe 3d ɗin can na ƙarshe a ransu, za mu dawo kansa.

Shi .jar kuwa labarinsa daban. Jar ba komai ba ne illa fayil ɗin ZIP da aka cusa wa fayilolin .class a ciki, don haka yana farawa da PK, haruffan farko na sunan Phil Katz wanda ya ƙirƙiro ZIP. Amma takardar Word mai .docx ma ZIP ce, haka .xlsx, haka manhajar Android mai .apk da masu gyaran waya ke yawo da ita a filashi. In na yi rajista da tambarin PK, duk waɗannan za su faɗa hannun Java muddin suna da izinin tashi. Debian tana da nata tsarin na wannan, ta kunshin binfmt-support da jarwrapper, kuma yana aiki. Ni na zaɓi wutsiyar suna, da hannu, don kowa ya ga abin da aka rubuta.

Sai kuma wani cikas da ba a kauce masa. A gidan tafinta, hanyar fayil kawai ake sawa, ba a ƙara masa komai. Kanel zai kira tafintan, ya ba shi sunan fayil ɗinka, ya biyo da duk abin da ka rubuta bayansa. To java ba ya karɓar jar sai an ce masa -jar. Dole a sa ɗan tsakiya. Na buɗe /usr/local/bin/tada-jar na rubuta layi biyu:

#!/bin/sh
exec /usr/bin/java -jar "$@"

Na .class ya fi wannan rigima, domin java ba ya son hanyar fayil, sunan aji yake so da foldar da zai neme shi. Ɗan tsakiyan nawa yana yanke foldar ya ba -cp, ya cire wutsiyar .class ya miƙa ragowar sunan. Wannan yana aiki ne kawai ga ajin da ba a sa shi cikin package ba. Takardun kanel ɗin Linux suna ɗauke da wani dogon rubutu da wata 'yar manhajar C da ke shiga cikin fayil ɗin ta tono cikakken sunan ajin. Ban bi ta nan ba. Na ce wanda aikinsa ya kai ga package, ya ɗaure shi a jar ya kawo.

Wajen rubuta rajistar ne wani saurayi cikin masu gyaran waya ya riga ni, ya buga sudo, umarnin aron ikon mai gida, da echo da alamar > zuwa register, injin ya ce masa Permission denied. Ya juyo ya ce, "Malam, na sa sudo fa, me kuma yake so?" Na ce masa sudo ɗin echo kaɗai ya ɗaga, amma buɗe fayil ɗin da > ke yi, harsashinka ne ke yinsa da ƙaramin ikonka tun kafin sudo ya motsa. Hanyar da ke aiki ita ce a bi ta tee:

echo ':jar:E::jar::/usr/local/bin/tada-jar:' | sudo tee /proc/sys/fs/binfmt_misc/register

echo ':ajin-java:M::\xca\xfe\xba\xbe::/usr/local/bin/tada-class:' | sudo tee /proc/sys/fs/binfmt_misc/register

A bar \x ɗin nan yadda suke, kanel ne da kansa ke fassara su. Wanda ya yi amfani da printf ya mayar da su baitoci na gaske zai sha wahala ranar da tambarinsa ke da sifili a ciki, kamar na WebAssembly da ke farawa da 00 61 73 6d, domin kanel na daina karanta gidan da zarar ya ci karo da sifili tsirara.

Nan take sabbin fayiloli biyu suka bayyana a foldar. Muka yi cat a kan jar, ya nuna enabled, da hanyar tafinta, da extension .jar. Ɗalibar nan ta yi chmod +x lissafi.jar, ta buga ./lissafi.jar, injin ya ɗan yi jim kamar yana tunani, sai ga manhajarta tana tambayar lamba ta farko. Ɗakin ya kaure da hayaniya har Alhaji ya leƙo daga matakala yana tambayar ko lafiya. Na ce, "Lafiya lau, Baba, kwamfuta ce ta ji magana." Ya ce to Allah ya sa albarka, amma a rage murya, akwai masu barci.

Da hayaniya ta lafa, ita ɗalibar ta ce, "Malam, yanzu ke nan kanel ya iya Java?" Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi. Bai iya ba, kuma ba zai iya ta wannan hanyar ba. Abin da ya koya bai wuce na ɗan kamasho a tashar Kejetia ba: ya dubi kayanka, ya ji inda za ka, ya nuna maka mota. Tuƙi na direba ne. Don su gani, na tayar da fayil ɗin a ƙarƙashin strace, mai nuna kiran da manhaja ke yi wa kanel:

strace -f -e trace=execve ./lissafi.jar

Layi na farko ya nuna execve a kan ./lissafi.jar ya dawo da 0, wato ya yi nasara. Na biyu ya nuna execve a kan /usr/bin/java da -jar. Abin da ya faru a tsakaninsu bai fito ba sam, domin a cikin kanel aka yi shi: ya ga wutsiyar jar ya sauya zuwa tada-jar, ya ga tada-jar na da #! ya sake sauyawa zuwa /bin/sh, duk a cikin kira guda. Wanda ya kira bai san an yi ba, kuma wannan rashin sanin shi ne amfanin abin gaba ɗaya. Manhajata ta duba aiki ban canza mata ko harafi ba, ta koma tana tayar da jar kamar yadda take tayar da na C. Akwai dai baitkod da kanel ɗin Linux ke gudanarwa a cikin kansa da gaske, shi ne eBPF, wanda ya samu kiransa na musamman a kanel 3.18 a 2014. Shi sai mai tantancewa ya bi shi ya tabbatar ba zai rataye injin ba kafin a bar shi ya tashi, kuma aikinsa sa ido kan hanyar sadarwa da motsin tsarin ne. Wannan wata duniya ce daban.

Wani mai laftof ɗin Windows da ke amfani da WSL, wato Linux da ke gudana a cikin Windows, ya leƙa tasa foldar, ya ga wani shigarwa mai suna WSLInterop da tambarin 4d5a, wato MZ. Da wannan dabarar ce Microsoft ta sa ana iya buga notepad.exe daga cikin Linux ɗin WSL ya buɗe. Tambarin MZ ɗin nan tun zamanin DOS yake, kuma duk .exe na ɗauke da shi, shi ya sa Wine da Mono, manhajoji biyu masu tayar da .exe a Linux, kan yi karo a kansa in an yi musu rajista tare. Dokar kanel a nan ita ce wanda aka yi wa rajista a ƙarshe shi ake fara gwadawa.

Ba mu tashi ba sai da dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ta yi halinta. Rabin injinan batirinsu ya mutu tun kafin su iso Gana, wuta na ɗaukewa suke mutuwa. Da ta dawo muka kunna, jar da ajin-java sun ɓace, python3.11 na nan daram. Duk abin da ke /proc a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zaune. Na Python ya dawo ne don akwai fayil ɗinsa a /usr/lib/binfmt.d, inda systemd-binfmt ke karantawa duk lokacin da injin ya tashi. Namu wurin shi ne /etc/binfmt.d. Na zuba layukan nan biyu, ba echo ba tee, a fayiloli masu wutsiyar .conf, na buga systemctl restart systemd-binfmt. Ana karanta su ne bisa jerin suna, don haka na sa musu lamba a gaba, 10 da 20, saboda dokar nan ta wanda ya zo ƙarshe. In kana son dakatar da shigarwa ɗaya ka rubuta 0 a cikin fayil ɗinta, 1 ya dawo da ita, -1 ya share ta. Ka rubuta -1 a status kuwa, duka ka share.

Gargaɗi ɗaya na rubuta a allo da manyan baƙaƙe: kada kowa ya yi wa tambarin ELF na injinsa rajista, ko da wasa. binfmt_misc na gaba da mai karɓar ELF a layi. Tafintan da za ka nuna shi ma ELF ne, sai kanel ya yi ta zagaye har ya gaji, daga nan ko ls ba zai tashi ba, balle sudo da za ka gyara da shi. Tutar C ma na hana, domin ita ke sa a ɗauki ikon fayil ɗin a ba tafinta, kuma aikin ɗalibai ba abin da za a ba iko ba ne. Manhajar dubawar tana gudana ne a ƙarƙashin wani asusu marar iko da na ware mata.

Sauran matsalolin a makonnin da suka biyo baya suka riƙa fitowa, kuma kowace ta koya wa 'yan aji bambanta saƙonnin kuskure. Yawancinsu a filashi suke kawo aiki, filashin kuma FAT32 ne, wanda bai san izinin tashi ba. Debian kan ɗaura shi ta yadda .exe da .com da .bat kaɗai ke fitowa da izinin, chmod +x a kan jar kuwa ba ya kamawa. Saƙon a nan Permission denied ne, kanel bai ma kai ga duba kan fayil ɗin ba. Sai an kwafe shi zuwa cikin injin tukuna. Wani ya kawo nasa da .JAR, manyan baƙaƙe, aka ce Exec format error, don gwajin wutsiya yana bambanta babba da ƙarami. Na kuma ƙara wa'adin da manhajata ke ba kowane aiki, saboda JVM na ɗaukar lokaci kafin ta miƙe a kan tsohon inji, har tana sa a yanke wa mai amsa daidai hukuncin makara.

Sai 3d ɗin da na ce a riƙe. A lissafin goma 61 ke nan, lambar sigar Java 17. Java 8 na sa 52, Java 11 na sa 55, Java 21 na sa 65, wato 41 a rubutun xxd. Wata 'yar Tech ta harhaɗa aikinta a gida da Java 21. Kanel ya ga ca fe ba be ya miƙa shi yadda aka umarce shi, JVM ɗinmu ta buɗe ta ce UnsupportedClassVersionError, fayil ɗin 65.0 ne, ita kuma iyakarta 61.0. Na nuna musu cewa ana iya tsawaita tambarin zuwa baiti takwas, a haɗa da 00 00 00 41, a tura irin waɗannan ga wata JVM daban, kuma gidan rariya na ba ka damar cewa a yi watsi da wasu baitocin tsakiya. Dabara ce mai daɗin nunawa a allo, amma ba ta kai ga jar ba, tunda a can fayilolin .class na dunƙule a ciki inda kanel ba ya gani. Mun tsaya a kan cewa kowa ya harhaɗa da javac --release 17.

Python ce ta fi ba ni ciwon kai. Tambarin .pyc yana canzawa da kowace siga: 3.10 na farawa da 6f 0d 0d 0a, 3.11 da a7 0d 0d 0a, 3.12 da cb 0d 0d 0a. Baitkod ɗin Java an yi shi ne don ya yi tafiya daga inji zuwa inji, sabuwar JVM na karanta na tsohuwa. Na Python ajiya ce kawai ta cikin gida don a rage jira, ba a yi alkawarin wata siga za ta karanta na wata ba. Wani yaro da ba ya son abokansa su kwafi aikinsa ya kawo .pyc da ya yi da 3.12, injinmu mai 3.11 bai ma gane shi ba. Ko da na yi wa cb 0d 0d 0a rajista na tura wa 3.11, ƙi za ta yi. Na ce masa ya kawo .py ɗin ya ba ni hannu da hannu, ba wanda zai gani sai ni. Tun daga ranar na daina karɓar .pyc a ajin.

Lua ce kaɗai ta shigo ba gardama. Ɗaya daga cikin masu gyaran waya ya fara wasa da ita, abin da luac, mai harhaɗa ta, ke fitarwa kuma yana farawa da 1b 4c 75 61, sai baitin siga, 54 ga Lua 5.4. Tafintanta na karɓar hanyar fayil yadda kanel ya miƙo ta, ba buƙatar ɗan tsakiya. Shi da kansa ya duba kan fayil ɗin da xxd, ya rubuta layin rajistar, ya ajiye shi a /etc/binfmt.d da lamba 30, sannan ya bi sauran injinan da filashi yana kwafa musu.